Tukunyar gas a cikin kwale-kwale: me ya sa dokar tsakar gida ba ta isa a kan ruwa ba

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, tukunyar gas ta fara shiga wuraren da a da ba a san ta ba. Manoman rani da dama a Kano da Jigawa sun kai injinan ban-ruwansu wurin makanike, aka sauya musu kafireta, injin ya bar shan fetur ya koma gas. Daga fadama zuwa bakin ruwa kuwa taku nawa ne? Yau idan ka tsaya a mashigi a gefen kogin Haɗeja, ko a bakin dam ɗin Tiga, ba abin mamaki ba ne ka hango tukunya a cikin kwale-kwale. Wata an je an ciko ta ana komawa da ita ƙetare. Wata ta masunci ce da zai kwana a ruwa, yana son shayi da ɗumamen tuwo kafin ya duba taru da asuba. Wata kuma an ja mata tiyo an haɗa da inji.

Ni dai ba na cikin masu cewa a hana. Itace ya yi wuya, gawayi ya yi tsada, kuma wanda ya taɓa hura ɗanyen itace a bakin ruwa da damina ya san darajar wutar da ke kamawa da ashana ɗaya. Sai dai mutane sun ɗauko tukunyar daga gida tare da hankalin da suke amfani da shi a gida, alhali jirgi yana da wata siffa guda da ta sauya lissafin gaba ɗaya.

A fara da abin da ke cikin tukunyar. Girgiza ta, za ka ji abu yana motsi. Ruwa ne, gaurayen abubuwa biyu, furofen da biyuten, da aka matse har suka zama ruwa. Furofen yana tafasa tun a digiri 42 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, biyuten kuma a daidai wajen sifili, shi ya sa da zarar an buɗe kan tukunya sai su fito a iska. Lita 1 ta ruwan furofen tana zama kusan lita 270 na iskar gas. Abin da ya fi shafar mai jirgi shi ne nauyinsa: furofen ya fi iskar da muke shaƙa nauyi kusan sau ɗaya da rabi, biyuten kuwa kusan sau biyu. Idan ya tsiyaya ba ya tashi sama ya ɓace kamar yadda mutane suke zato. Ƙasa yake bi, yana neman wuri mafi zurfi.

A tsakar gida wannan ba ya cika zama bala'i, domin gas ɗin zai bi ƙasa ya fice ta ƙofa ko ta rariya, iska ta watsa shi. Jirgi kuwa ƙwarya ce. Masassaƙi ya ɓata lokacinsa yana toshe kowace kafa don kada ruwa ya shigo ta ƙasa, kuma wannan ƙoƙarin nasa ne ya sa duk abin da ya zuba a ciki ba shi da hanyar fita ta ƙasan. Gas zai kwanta a gindin jirgi, ƙarƙashin allunan da ake takawa, cikin akwatin kaya, ƙarƙashin tamfol, ya zauna yana jira.

Kuma ba mai yawa ake bukata ba. Furofen yana kamawa da wuta idan ya kai kashi 2 zuwa kashi 9 da rabi cikin 100 na iskar da ke wurin. Bari mu yi lissafi. A ce a goshin jirgi akwai rufaffen wurin ajiya mai cin lita 500. Kashi 2 cikin 100 na wannan lita 10 ne na iskar gas, nauyinsu bai wuce giram 20 ba. A tukunyar kilo 6, ko a kan sikeli ba lallai ka lura an rasa wannan ba. Amma ya isa ƙyallin wuta ɗaya ya ɗaga allunan jirgin sama.

Wani zai ce ai namu kwale-kwalen a buɗe yake, ba shi da rufi. Da gaskiyarsa, amma rabi. Da rana, jirgi yana tafiya, iska tana kaɗawa, yawancin abin da ya tsiyaya zai watse. Matsalar tana zuwa ne a lokacin da masunci ya fi bukatar wutar: cikin dare, an kutsa jirgi cikin ciyawar kacala don a fake, iska ta tsaya cik, an ja leda ko tamfol an rufe rabin jirgin saboda raɓa. A wannan halin buɗaɗɗen jirgi ya zama rufaffe. Kuma a gindin jirgin nan da gas yake taruwa, nan ne batir yake, nan jarkar fetur take, nan mutum yake shimfiɗa buhu ya kwanta.

Hanci ma yana yaudara. Asalin gas ba shi da wari, da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi don a gane idan ya tsiyaya. To amma hancinka yana sama, gas ɗin yana wajen ƙafarka. Ga ƙarnin tarwaɗa da karfasa, ga warin fetur, ga laka. Kuma idan mutum ya daɗe cikin wari, hancinsa yakan saba ya daina ji. Wanda yake son ya sani, sai ya durƙusa ya kai hancinsa gindin jirgin kafin ya taɓa ashana ko igiyar inji.

Turawa masu jiragen shaƙatawa sun koyi wannan darasi da jikinsu. A ranar 30 ga Yuni, 1999, wani jirgin horar da sojojin Birtaniya mai suna Lord Trenchard yana ɗaure a tashar Poole da ke kudancin Ingila. Gas ya tsiyaya daga mahaɗar tukunya da ba a ɗaure da kyau ba, akwatin da tukunyar ke ciki kuma ashe ba a toshe yake sosai ba, sai gas ɗin ya sulale cikin jirgin ya taru cikin dare. Da safe aka je tayar da janareta, jirgin ya tarwatse, shugabansa ya rasa ƙafa. Jirgi ne na hukuma, mai ƙwararrun ma'aikata da tsarin duba kaya. Ƙananan kurakurai ne suka haɗu wuri ɗaya.

Daga irin waɗannan aka gina ƙa'idojin da ake bi a yau. A Amurka akwai ƙa'idar A-1 ta ABYC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin jiragen ruwa, a matakin duniya kuma akwai ƙa'idar ISO 10239 ta ƙananan jiragen ruwa. Idan ka karanta su za ka ga duk kusan tambaya ɗaya suke amsawa: in gas ya tsiyaya, ina zai je? Amsar da suke so ita ce ya zuba waje, cikin ruwa, kada ya shiga cikin jirgi.

Shi ya sa suka fi ba da ƙarfi a kan mazaunin tukunya. Ana yi mata akwati nata ita kaɗai, wanda gefensa da gindinsa ba su da kafa ko ɗaya da ke leƙa cikin jirgi, ta sama kawai ake buɗe shi. A can ƙasan akwatin ake huda rami, a sa bututu ya gangara ya fita ta jikin jirgi sama da inda ruwa yake kaiwa. Ƙa'idar Amurka ta ce faɗin cikin bututun kada ya gaza rabin inci, ta ISO kuma ta nemi milimita 19 ga ƙananan tukwane. Bakin bututun ya nisanci duk wata kafa ta shiga cikin jirgi da kamar rabin mita. Kuma bututun ya gangara ɗoɗar, domin idan ya yi ciki a tsakiya ruwa zai kwanta a wurin ya toshe hanya, akwatin ya tashi aiki ba tare da kowa ya sani ba. Ragileta, wato na'urar da ke rage ƙarfin gas a kan tukunya, da duk mahaɗar da ke ɗauke da ƙarfin tukunya suna cikin akwatin. Ba a ajiye anka ko igiya ko ƙugiya a ciki, balle batir.

Wannan ba ya bukatar kayan Turai. Rabin duro na roba mai kauri, a kafe shi da kyau, a huda gindinsa ta gefe a sa bututu, ya yi aikin. Amma akwai wata matsala da ta shafi jiragenmu musamman. Kwale-kwalen da aka loda wa buhunan shinkafa daga Auyo ko Kiri Kasamma, tazarar da ke tsakanin bakinsa da ruwa wani lokaci ba ta fi tafin hannu ba. Bututun da yake sama da ruwa lokacin da jirgi ba kaya, yana nutsewa idan an yi lodi. A irin wannan jirgi abin da ya fi shi ne a yi wa tukunya dakali a can ƙarshen jirgi, daidai da bakinsa ko sama kaɗan, yadda duk abin da ya tsiyaya zai gangara ruwa kai tsaye. A ɗaure ta a tsaye da ɗauri biyu, sama da ƙasa, a yi mata inuwa, amma kada a naɗe ta da leda.

Tsayuwar nan ba don kyan gani ba ce. A tsaye, ruwan gas yana ƙasa, iskarsa tana sama inda bawul yake. Idan tukunya ta kwanta, ruwan ne zai shiga ragileta, ita kuwa ba a yi ta don ruwa ba. Sai ka ga wutar da ke ci kamar yatsa ta yi tsalle ta kai tsayin mutum.

Sai tiyo, kuma a nan ne aka fi yin ha'inci da kai. Farin tiyon nan da magina suke auna gini da shi, ko na ban-ruwa, ba na gas ba ne. Gas yana busar da shi, rana ta ƙarasa, ya fara tsagewa daga baki. Tiyon gas na ainihi yana da zare a cikin jikinsa, an rubuta a kansa cewa na gas ne, mafi yawa har da shekarar da aka yi shi. Araha ba ta ado. Ƙa'idojin nan suna son tiyo guda ɗaya daga akwatin tukunya har zuwa murhu, babu ƙari a tsakiya, domin kowace mahaɗa ƙofar yoyo ce. Idan abubuwa biyu ne suke shan gas, kowanne da layinsa, kuma a cikin akwatin za a raba. A kafe tiyon a jikin jirgi ta sama, inda ba a takawa, nesa da salansa da wuƙar gyaran kifi. Inda ya ratsa katako ko ƙarfe a sa masa roba, saboda jijjigar inji tana sa bakin ramin ya riƙa cin sa a hankali. Bakinsa kuma a matse da kilif na ƙarfe marar tsatsa. Waya ko robar tayar keke da ake naɗawa, wannan ɗaurin kaya ne.

Ragileta aikinta rage ƙarfi. Furofen zalla a cikin tukunya yana kai kusan bar 8 (bar ma'aunin ƙarfin matsi ne) a zafin digiri 20, murhu kuwa milibar 28 zuwa 37 yake so (milibar 1000 ne bar 1), wato an rage fiye da sau 200. Abin da ke yin wannan aiki wata 'yar roba ce da sifirin a cikin ragileta, kuma laima tana cin su. Wadda ta faɗa ruwa, ko ta fara fitar da farin gari a jikinta, a jefar a sayi sabuwa. Akwai kuma 'yar robar da ke cikin bakin tukunya, wadda ba ta kai girman ƙwandala ba. Yoyo da yawa daga ita yake farawa. Ka riƙa leƙa ta duk lokacin da aka ciko maka.

Gwajin yoyo iri biyu ne. Na farko kowa zai iya. Ka kaɗa sabulu a kofi har ya yi kumfa, ka buɗe kan tukunya alhali murhu yana rufe, ka ɗebi kumfar da soso ka lulluɓe wuyan tukunya, da gindin ragileta, da bakin tiyo ta kowane ɓangare. Sai ka tsaya ka zuba ido. Kumfar da ba yoyo a ƙarƙashinta tana lafawa a hankali. Inda ake yoyo kuwa za ka ga ƙwaya ɗaya tana kumbura, ta fashe, wata ta taso a daidai wurin. Ƙaramin yoyo yakan ɗauki minti ɗaya ko fiye kafin ya nuna kansa, saboda haka kada ka shafa ka juya baya. Bayan ka gama ka wanke da ruwa. A guji ruwan wanki mai sinadarin amoniya, domin yana cin tagullar da ake yin mahaɗa da ita. Masu gwada yoyo da ashana kuwa, har yanzu suna nan, kuma Allah ya shirye su.

Na biyu yana bukatar geji, wato agogon auna ƙarfin gas, a tsakanin tukunya da ragileta. Mutane suna ɗauka aikin gejin nuna sauran gas ne. Ba ya iya wannan sosai, domin ƙarfin cikin tukunya kusan ɗaya ne har sai ruwan ya kusa ƙarewa. Aikinsa na gaskiya gano yoyo ne. A rufe murhu, a buɗe kan tukunya, a duba inda allura ta tsaya, a rufe kan tukunyar, a jira minti 3. In allura ta sauka, akwai inda gas ke fita, sai a koma ga kumfa a nemo wurin. Wannan gwajin ya fi na sabulu da abu ɗaya, yana duba duk tsawon tiyon har inda ido ba ya kaiwa.

A manyan jirage akwai bawul mai aiki da lantarki da ake rufewa daga wajen murhu, da na'urar da ke ƙara idan ta ji gas, wadda ake kafewa a can ƙasan jirgi. Wanda ya samu ya sa. Wanda bai samu ba, hannunsa ne bawul ɗinsa: idan an gama girki a fara rufe kan tukunya, a bar wutar ta cinye abin da ya rage a tiyo ta mutu da kanta, sannan a rufe murhu. Kan tukunya ba ya kwana a buɗe.

Yanzu ga maganar da wasu ba za su so ba. 'Yar tukunyar nan ta kilo 3 ko 6 da ake murɗa mata kan girki a bisa, ita ta fi yawa a hannun masunta, kuma a ganina ita ce ta fi rashin dacewa da jirgi. Wuta tana ci a kan bawul ɗin kai tsaye. Tukunyar girki tana can sama, nauyi ya koma bisa, igiyar ruwa ɗaya ta kifar da komai. Saboda iska kuma ba wanda yake ajiye ta a sama, sai a cusa ta a gindin jirgi tsakanin ƙafafu, a kare ta da kwali ko buhu. Iska ta kashe wutar mutum bai lura ba, gas ya ci gaba da fita a daidai wurin da ba ya iya ficewa. Murhun da aka yi don jirgi yana da wani ɗan tsinken ƙarfe a gefen wuta, wanda idan ya huce sai ya rufe gas da kansa, yana kuma da ƙarafan riƙe tukunya. Wannan ƙaramar ba ta da ko ɗaya.

Na taɓa faɗa wa wani dattijo masunci haka a mashigi. Ya ce, "Yaro, to a ina zan dafa shayin?" Na ce, "Baba, a tudu. Ku ɗaura jirgi ku fito da ita, in kun gama ku kwance kan, ku mayar da ita a ɗaure." Ya ce cikin kacala wani lokaci sai ka yi tafiyar sa'a ba ka ga tudu ba. Gaskiya ya faɗa, wanda ya san yankin Guri da Baturiya ba zai musa ba. In ya zama dole a yi girki a ruwa, to jirgi ya tsaya cik, inji a kashe, fetur yana can ɗaya ƙarshen a rufe, tukunyar tana kan dakali a ɗaure, kuma mutum yana zaune a gabanta har ya kashe.

Batun inji ya fi rikitarwa. Yawancin injinan bayan jirgi da ake gani a ruwayenmu irin waɗanda ake gauraya musu fetur da baƙin mai ne. Man da ke cikin fetur ɗin shi ke shafe cikin injin. Gas ba ya ɗauke da mai, don haka wanda ya ja wa irin wannan inji tiyon gas kawai, fistin zai ƙone. Injin da yake karɓar gas shi ne mai ma'ajiyar baƙin mai daban, irin na ban-ruwa da janareta. Kamfanonin Tohatsu da Mercury suna ƙera ƙananan injinan jirgi masu ƙarfin doki 5 da aka yi su don gas tun daga masana'anta, ke nan abin ba tatsuniya ba ne. Bambancin yana ga yadda aka haɗa. Haɗi mai kyau yana da wata na'ura da ba ta sakin gas sai inji yana zuƙa, idan ya mutu sai ta rufe. Haɗin gaggawa, wanda aka cusa tiyo a kafireta aka bar bawul na hannu, yana ci gaba da zuba bayan inji ya mutu. A gona iska ta kwashe. A jirgi, inji ya mutu a tsakiyar ruwa, direba yana ta jan igiya yana kwance fulogi yana gwada wutarsa a jikin inji, gas kuma yana taruwa a ƙafarsa. Kafin a biya makanike, a tambaye shi: in inji ya mutu, gas ɗin yana tsayawa? A sa ya nuna da kumfa a gabanka.

Inji yana zuƙar gas da sauri, wannan kuma yana sanyaya tukunya har ta yi raɓa ko ƙanƙara, ƙarfi ya ragu, musamman da sassafe a hunturu idan biyuten ya fi yawa a gaurayen. A nan ne dabarun banza suke fitowa: a kwantar da ita, a zuba mata tafasasshen ruwa, a matsa da ita kusa da salansa. Maganin gaskiya babbar tukunya ce, wadda take iya ba da abin da injin yake nema. Sannan kada a rikita wannan gas da CNG, wani nau'in gas daban da gwamnati ke tallata wa motoci. Shi ana matse shi har bar 200, tukunyar gas ɗin girki ba ta iya ɗaukar ko kusa da haka.

Zafi ma yana da nasa. Ƙarfin furofen a digiri 50 ya ninka na digiri 20, kuma a watan Afrilu Haɗeja tana wuce digiri 40 a inuwa, balle ƙarfe da ke cikin rana a kan ruwa. Shi ya sa ba a cika tukunya fal, ana barin kusan kashi 20 cikin 100 don ruwan ya samu wurin kumbura. A ƙauye da yawa ana juye gas ne daga babbar tukunya zuwa ƙarama, wani mai shagon ma yana ganin ya kyauta maka idan ya danna maka ƙari. A wuyan kowace tukunya an buga nauyinta ba komai a ciki. Ka haɗa shi da kilon da aka rubuta tana ɗauka, ka duba sikeli, kada ya wuce. A wurin ne kuma ake buga shekarar ƙira. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta ƙayyade wa tukunya shekara 15, tare da sake gwada ta duk bayan shekara 5. Tukunyar jirgi tana tsufa kafin lokacinta, saboda gindinta yana zama cikin ruwan da ake kwalfewa. Ka juya ta idan ba komai a ciki ka duba ƙarƙashin zoben da ke gindinta, nan tsatsa take ɓuya. Wadda ta huje ba ta mai walda ba ce, ta gama aiki.

Ga jirgin fasinja ana iya taƙaitawa. Tukunya ta shiga a rufe, ba ragileta a kanta, a tsaye, a ɗaure, nesa da inji da mai shan taba, kuma kada a jibga mata buhu ko a zauna a kai. A ruwayenmu tsoro yana iya kashewa kafin wuta. Mutum ashirin su ji "gas!" su ruga gefe ɗaya, jirgi ya kife, yawancinsu kuma ba su iya ruwa ba, ba rigar kariya. Jama'ar Bagwai ba su manta da ranar 30 ga Nuwamba, 2021 ba, lokacin da jirgi ya kife a dam ɗin Watari aka rasa aƙalla mutum 29, mafi yawansu ɗaliban Islamiyya. Ba gas ne ya jawo wannan ba, amma ya nuna abin da kifewar jirgi mai lodi take yi cikin 'yan mintuna.

Idan an ji wari, a rufe kan tukunya, a kashe duk wata wuta, kada a tayar da inji, kada a taɓa kan batir ko makunnin fitila. A yaye tamfol, a ɗaga alluna. Sannan a yi abin da mai kallo daga nesa zai ɗauka taɓin hankali ne: a ɗauki bokitin roba a riƙa kwalfe gindin jirgin ana zubarwa waje, ko da ido ba ya ganin komai a ciki. Gas ɗin yana shiga bokiti, kuma yana zuba idan an karkata shi. A haɗa da fifita da buhu ko tabarma har warin ya ɓace a ƙasa. Tukunyar da ta ƙi rufuwa a kai ta tudu, fili, nesa da gidaje, ta ɓangaren da iska ke tafiya. A kula da hannu, ruwan gas yana ƙona fata da sanyi.

Idan wuta ta kama, rufe bawul shi ne kashe ta, in hannu zai kai, da jiƙaƙƙen tsumma. In ba zai kai ba, kashe harshen wutar alhali gas yana fita yana iya zama mafi muni, domin zai taru ya tashi gaba ɗaya. A sauke mutane, a riƙa watsa wa jikin tukunyar ruwa daga nesa don kada ta yi zafi ta fashe, in abin ya ƙi a bar jirgin. Ƙaramar tukunyar kashe gobara mai farin gari tana da amfani ga abin da ya kama a gefe, amma a rataye ta inda hannu zai kai ba tare da an tsallaka wutar ba. Wanda ya ƙone a zuba masa ruwa mai sanyi, mai tsabta in da hali, na tsawon minti 20, a kai shi asibiti. Ba ƙwai, ba man goge baki, ba baƙin mai.

Akwai kuma kisan da ba ya bukatar fashewa. A watan Janairu na 2014, a tashar Whitby ta Ingila, an tarar da masunta biyu sun mutu a makwancinsu cikin jirgin kamun kifi mai suna Eshcol. Sun bar murhun gas a kunne don su ji ɗumi, suka rufe ko'ina. Wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana fitar da wata guba marar wari marar launi, irin wadda ke kashe masu kwana da janareta ko gawayi a rufaffen ɗaki. Sanyin Disamba a kan ruwan Tiga ko Challawa ya isa ya sa mutum ya ja leda ya kunna wuta a ciki. Alamar farko ciwon kai ne da jiri da kasala, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya. Wutar gas mai lafiya shuɗiya ce. Idan ta koma rawaya tana baƙanta gindin tukunya, ko kan ya toshe ko iska ta yi kaɗan.

Hukumar NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ita ke da alhakin hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, NMDPRA kuma ita ke kula da masu sayar da gas. Amma ba na jin wani jami'i zai zo ya leƙa gindin kwale-kwale a Miga ko Kaugama da asuba. Wanda yake wurin kullum shi ne Sarkin Ruwa da shugabannin mashigi, kuma su ne direba yake jin maganarsu. Tun da suna iya hana jirgi tashi saboda lodi ya yi yawa, suna iya hana shi tashi saboda tukunya tana kwance a gindinsa. Kofin sabulu da soso a ajiye a rumfar masu jirgi, duk tukunyar da za ta ƙetare a shafa mata a wuya kafin ta shiga, wannan ba ya bukatar takarda daga Dutse ko Kano.